Tabarau na Ruwa da Na Saya wa Baba

Greensboro, Agusta 2006

Yaya Hamidou,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Fourera da yara. Yaya jikin Baba? Ni lafiya ƙalau, sai ɗan ciwon baya na aikin sito, shi ma da sauƙi.

Abokan aikina sun dawo daga hutu, kullum gardamarsu ɗaya ce: wane tsibiri ya fi daɗin kallon kifi. Tabarau na ruwa suke sawa, da ɗan bututun numfashi a baki, su kifa ciki a kan teku. Wani ya ce Bahamas ta fi, ruwanta garau. Wata ta ce Jamaika ta fi kifi masu launi. Da suka tambaye ni, na ce kogin garinmu, Gaya. Suka ce, "Ana ganin ƙasansa?" Na ce a'a, mahaifina da lalube yake kamo tarwaɗa.

Yaya, tun zuwana na sayi irin tabaran nan a wani kanti da ke titin Wendover, don Baba ya ga abin da hannunsa ya daɗe da sani. Ka ce in aiko, na ƙi, wai sai na kawo da kaina. Takarduna na zama a ƙasar nan har yau shiru, in na fita ba dawowa. Ga shi yanzu ka ce yanar ido ta rufe masa gani.

Don Allah kada ka yi masa zancen tabaran. Ka kai shi bakin kogi, ka sa hannunsa a ruwa, ka ce ina gaishe shi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Hamissou