Dalilin Dariyata a Taron Jadid

Zuwa ga Mai Girma Wakilin jam'iyyar adawa da ya zo mana Sabha ta ƙasar Libiya daga gida.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ka huta gajiyar hanya, ni ne mai ban-ruwan nan daga garin Samnu da samarinka suka fitar daga taronku na unguwar Jadid ranar Juma'ar da ta wuce, suka yaga mini wuyan riga. Tun da ba a bar ni na yi magana a can ba, ga ta a nan.

Na farko. Alhaji, ka ce masu mulki ɓeraye ne, sun cinye rumbun ƙasa, ku ne kyanwar da za ta kore su, don haka kowa ya buga waya gida ya ce a zaɓe ku. Sai dariya ta ƙwace mini, don na tuna ɗakina. Bara ɓeraye suka dame ni a gonar da nake aiki: su ci dabino, su huda buhun shinkafa, har wayar caji suka gutsure. Mai gonar, wani dattijo ɗan Libiya, ya tausaya ya kawo mini muzuru. Satin farko ya kama ɓera ɗaya, ya ajiye a bakin ƙofa don in gani. Daga nan ya gano akurkin tantabaruna. 'Yan shilar da nake tattali don Sallah, ɗaya bayan ɗaya ya lashe su. Yau ɓerayen na nan, muzurun ya yi wuya, kwana ma suke ɗaki guda.

Na biyu. Ba ɓeraye nake karewa ba. Wakilinsu ya riga ka zuwa, ya yi alkawarin takardun zama, ya ci shinkafarmu da miya, ya tafi. Har yau in muka hango motar 'yan sanda bayan katanga muke fakewa. Amma in ban manta ba, Alhaji, a waccan tafiyar kai ne ke riƙe masa jaka. Hular ce kawai ta sake launi.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Samarinka sun aika saƙon murya garinmu cewa an saye ni. Yanzu matata Rabi in ta je rijiya sai a yi shiru. Mahaifiyata, tsohuwar da ba ta san launin tutar kowa ba, ta kira ni tana kuka, tana tambaya me na sayar. Ni da ko rigar da aka yaga ban samu mai ɗinke mini ba!

Roƙona kaɗan ne. Ka sa a aika wani saƙon da muryarka, ka wanke ni a gaban mutanen garinmu. Ka kuma gaya wa samarinka, wanda bai iya jure dariyar talaka yana neman kujera ba, ina ga ya hau?

Allah ya ƙara maka lafiya, ya maida kai gida lafiya. In mulkinku alheri ne gare mu, Allah ya ba ku. In ba haka ba, Allah ya bar mana kai a can Jadid, ka tsaya bakin titi da shebur tare da mu, ka jira motar masu ɗibar leburori.

Wassalam.

Naka,
Idi mai ban-ruwa, Samnu.