Sabis Ya Kai Ɗakin Iya

Wulari,
Maiduguri.

Zuwa ga Yayana Tahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Aisa da yara. Yaya karatu, yaya zaman Maleshiya? Allah Ya sa a gama lafiya, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan alhamdu lillahi, zafi ya fara sauƙi. Ƙaninka Habib yana shagonsa na yadi a Kasuwar Litinin, 'yarsa Yusra ta koma makaranta, ni kuma kullum da safe nakan hau keke daga Jiddari Polo in zo wurin Iya nan Wulari, sai la'asar in koma gidana. Na zaɓi rubutu ne saboda tun kiran ranar Juma'a ba ka ɗaga wayata ba, ba ka ɗaga ta Habib ba. Ban ga laifinka ba, Yaya. Amma akwai abin da ya kamata ka sani, kuma in na ce da baki zan faɗa, kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Bari in fara da kayan da ka aiko, tunda ka ɗauki nauyinsu. Na'urorin mesh ɗin nan uku na ƙara ƙarfin intanet sun iso lafiya, Habib ya kira Kashim mai gyaran kwamfuta ya zo ya haɗa. Da farko Habib ya ce a cire tsohuwar rautar da ke falon marigayi Baba a ajiye, amma Kashim ya ce ba a yin haka, domin ita ce ke ɗauke da layin kamfani, sababbin kuwa rarraba sabis kawai suke yi. Sai ya jona babbar a jikinta da kebul, ya kashe waifai ɗin tsohuwar don kada su riƙa karo da juna, ya sa wa sabon waifai ɗin suna da lambar sirrin da muka saba da su, wayoyinmu suka kama da kansu. Ta biyu ya ɗora a kan wata kanta a barandar kicin. Ta ukun ce ta ba mu wahala. Ka san bangon ɗakin Iya, irin ginin da ne mai kauri, duk inda ya ajiye ta sai ta nuna jar wuta. Daga ƙarshe ya jawo kebul ta tsakar gida, ya bi da shi ta bayan darbejiya, ya shigar ta taga, ya kuma haɗa duka ukun da layin sola don kada ɗauke wuta ya katse mu. Da wutar ta koma kore har tafi Yusra ta yi. Iya tana kan gado tana kallonsa, ta ce a zubo wa yaron mutane abinci, ya sha rana.

Ka tuna tun da gwiwoyinta suka hana ta fitowa falo, kiranka ba ya daɗi. Hoto ya tsaya, murya ta yanke, ka tambaye ta abu ta ba ka amsar wani abin daban, sai mu ce sabis ne. Da azumi na gaya maka ta zuba gishiri a shayi, ta kuma tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwar shanu. Ka ce tsufa ne da kewa, in dai tana ganin fuskarka sosai za ta ware. Wallahi ni ma na so hakan ya zama gaskiya, na riƙe maganarka da hannu biyu. Shi ya sa ranar Juma'a na yi mata wanka da wuri, na ɗaura mata lafayarta mai ruwan goro, na turara ɗakin, na aika aka ɗauko ƙanwarta Ya Kellu don a yi murnar tare.

Abin da ya faru ka gani da idonka. Hoto ya fito tas, har furfurar gemunka muna ƙirgawa, muryarka kamar kana bakin gado. Ka gaishe ta, ta dube ka ta ce wushe, irin gaisuwar da take yi wa baƙo. Ka tambaye ta ko ta gane ka, ta juyo ta kalle ni tana neman in cece ta. Na ce mata Tahir ne, ta yi murmushin kunya ta ce Allah Ya yi albarka. Na ga lokacin da ka cire tabarau, sai kiran ya yanke, kuma dukkanmu mun san ba sabis ba ne. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan nan. Ta ce mini wannan bawan Allah yana da ladabi, ɗan gidan wane ne? Ta ce da ganinsa ya sha hanya, kuma kamar akwai abin da ke damunsa, kada a bar shi ya tafi bai sha ruwa ba. Ya Kellu ta tashi ta fita tsakar gida tana toshe baki da mayafi. Ni na zauna riƙe da wayar, na rasa inda zan sa idona. Gani ya kori ji, Yaya. Da can muna da abin ɗora wa laifi, yanzu ka aiko an gyara shi.

Ranar Litinin ni da Habib muka kai ta asibiti. Likita ya yi mata tambayoyi, ya duba ta, sannan ya ce ciwon mantuwa ne irin na manya, kuma ya ɗan jima yana cin ta. Ya ce ba a warkewa, sai dai magani ya rage masa gudu. Ya gargaɗe mu mu daina yi mata jarrabawa da tambayar ko ta gane wane, domin tsoro take ji in ta kasa. Waɗanda take gani kullum su ne za ta fi daɗewa da su. Ni kaina wani lokaci Kellu take kira na, ina amsawa. Amma ina so ka ji wannan da kyau: Iya ba ta manta da kai ba. Ba a wuni ba ta ambaci sunanka ba. Sai dai Tahir ɗin da ke wurinta yaro ne ɗan firamare mai yagaggen aljihu, wanda ba ya cin miyar kuka sai an yi masa alkawarin dabino. Wannan babban mutum mai gemu ne ba ta sani ba.

Don haka abu biyu nake roƙonka, don girman Allah. Na farko, ka ci gaba da kira. Kada ka tambaye ta komai, ka gaishe ta kawai, ka bar ta ta ba ka labarin ɗanta, za ka ji yadda take yabonka. Ko a matsayin baƙo ne, tana jin daɗin muryarka. Na biyu, ka nemi hutu ka zo. Na san shekarar ƙarshe ce, na san hanya da nisa, amma abin da ya rage mata raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Wataƙila in ka zauna kusa da ita, ta riƙe hannunka, ta ji ƙamshinka, wani abu ya dawo. Wataƙila kuma bai dawo ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Duk da haka zumunta a ƙafa take, kuma ni ma na gaji da ɗaukar abin nan ba babba a kusa.

Ka gaishe mini da Anti Aisa, ka ce ta yi ta ba ka haƙuri. Ka shafa mini kan Taufiq da Ammatullahi. Habib da Yusra suna gaishe ka, haka Ya Kellu da maigidana Suleiman. Kafin in rufe takardar nan na tambayi Iya ko tana da saƙo zuwa ga Tahir. Ta ce a gaya masa kada ya tsaya wasa a hanya, ya dawo gida kafin magariba.

Allah Ya ba mu ikon cin wannan jarrabawa, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Munawwara.