Alkawarin Ƙwaya Ɗaya Zai Kashe Min Uba

Gwaggo Zuwaira, assalamu alaikum.

Ke da duk mai karanta wannan fili naki, ku ba ni amsa: idan mutum ya sa dattijo ya ɗaukar masa alkawari, sannan ya tattara jakarsa ya ɓace, wa zai warware wa dattijon nan? Ki taimake ni Gwaggo, don na kai inda in na buɗe baki sai ɓarna, in na yi shiru kuma ina kallon mahaifina yana sulalewa.

Ni mai aikin tayil ne. A Chaza, cikin Suleja, muke haya, kullum ina bin mota zuwa Abuja. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, amma kada wani ya kuskura ya ce min jahili. Turancin da nake ji yau a gosulon Madalla da Zuba na koye shi, a waya, ina matse a kujerar baya da guga da kayan aiki a cinya. Abin da ya shafi hawan jini da zuciya kuwa babu wanda ban bi na karanta ba, tun da ciwon ya shigo mana gida.

Baba tela ne, shagonsa yana Hashimi. Mutumin Zariya ne, irin waɗanda in sun ce maka ɗinkinka ranar Laraba, to Laraba ce, ko da wuta ko babu. Duk layin an san shi da haka. Da wannan hali ya ciyar da mu, kuma shi ne yanzu yake neman kai shi ƙasa.

Shekaru kaɗan da suka wuce wasu masu bincike suka zo ƙaramin asibitin da ke kusa da shagonsa, suna auna jinin mutane kyauta. Suka ce na Baba ya hau sosai, har ya fara wahalar da zuciyarsa. Suka ce suna gwada wata dabara ce, a haɗa magunguna a ƙwaya guda a gani ko mutane za su fi jure sha. Baba ya yarda ya shiga, shi da amininsa Baba Luka, kafinta, mutumin Kafanchan, wanda shagonsa ke manne da namu. Wadda ke kula da su wata nas ce Kosisochi, Baba yana ce mata 'yata Kosi. Ba zan ci zalinta ba, yarinyar kirki ce. Ta koyi gaisuwar Hausa saboda su, tana durƙusa wa Baba, har riga ya ɗinka mata da sallah. Ita ce ta riƙe hannunsa ta ce ya yi mata alkawari: ƙwaya ɗaya kowace safiya, kada ya ƙara wani magani a kai sai sun sani. Baba ya ce ya ɗauka.

Kuma ya samu sauƙi, wallahi ya samu. Ciwon ƙeya ya bari, ya koma taka keken ɗinki kamar da. Ni da kaina na riƙa yabon mutanen nan a mota.

Sai aka wayi gari an ce binciken ya ƙare. Aka kafa rumfa, aka raba lemo da hula, aka yi godiya, aka watse. Ranar Baba yana Zariya wajen jana'izar yayarsa. Baba Luka ne ya kawo masa takarda, ya ce an ce kowa ya koma babban asibiti ya ci gaba da karɓar magani a can. Baba ya je. Likitan da ya gani, layi har waje, ko kai bai ɗaga ba ya rubuta masa magunguna uku, ya ce na gaba.

Ga inda gizo ke saƙar. Baba ya dawo gida da fakiti uku, ya jera su a kan tabarma, ya ce shi fa ƙwaya ɗaya ya yi wa alkawari. Don haka yau ya sha fara, gobe ya sha rawaya, jibi ƙaramar. Ita ƙaramar nan mai sa fitsari ce, in layinta ya faɗo Juma'a sai ya tsallake ta, wai kada ta karya masa alwala ana cikin huɗuba. Shi a ganinsa ya yi adalci, bai yi wa likita gardama ba, bai kuma ci amanar Kosi ba.

Na zaunar da shi na yi masa bayani, ba sau ɗaya ba. Na ce Baba, waccan ɗayar ai magunguna da yawa ne a cikinta, an dunƙule su ne. Na nuna masa a waya, na fassara masa abin da masana suka rubuta, cewa kowane magani da aikinsa, kuma tare ake so su yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko wayar ce ta riƙe hannunsa ranar da ya yi alkawari. Ƙanwata Ummukulthum ta gwada nata da lallashi da kuka, ya ce mata ta je ta duba tukunyarta. Na ce to likita fa? Ya ce likitan da bai ga fuskarsa ba, ina ya san abin da ke wuyansa.

Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, takalminsa na zuwa masallaci ba ya shiga. Ɗan hawan da ke tsakanin masallaci da shago sai ya tsaya ya dafa bango, ya yi kamar yana gaisawa da mutane, alhali numfashi yake nema. Ya ɗauka ban gani ba.

Shi kuwa Baba Luka, da aka daina ba su kyauta ya ga jikinsa garau, sai ya bar shan komai. Watannin baya ya faɗi a shago da zarto a hannu. Yau ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana sai da ƙyar. Matarsa ke kawo shi ta zaunar da shi a bencin ƙofar shagon Baba, su biyu su yi ta kallon titi.

A gaban wannan bencin na yi abin da na yi. Na dawo aiki da la'asar na biya, na ga Baba yana fama da ƙafar keke ta ƙi takuwa. Raina ya ɓaci. Na ce masa, da ƙarfi, masu shaguna suna ji, ya dubi Baba Luka da kyau don madubinsa ke nan. Na ce alkawarin nan nasa taurin kai ne aka sa wa rawani, kuma yarinyar da yake riƙe wa amana ta manta ma da akwai wani gari Suleja. Baba ya ci gaba da fama da kekensa. Baba Luka ne na ga hawaye yana bin kuncinsa. Tun daga ranar Baba ya kulle magungunan a durowar keke, makulli a aljihunsa, ya aiko Ummukulthum ta gaya min in na ƙara yi masa maganar magani bai yafe ba. Gaisuwata ma da kai yake amsawa.

Na san za ki ce bakina ne matsalar. Kowa haka yake cewa, har ogana a wurin aiki. To na ji. Amma ni kaɗai ne mai laifi? Lambar Kosi ba ta shiga. Na je ƙaramin asibitin, aka ce su masauki kawai suka bayar, masu aikin daga wani wuri suka zo. Sun ɗebi jinin iyayenmu, sun auna su wata da watanni, sun cika kwamfutocinsu. Me suka gano? Dabarar ta yi ko ba ta yi ba? In ta yi, ina ƙwayar take? Wataƙila suna can wani otal suna tafa wa juna, su kuwa waɗanda aka gwada a jikinsu hula suka samu. Ni ba na gaba da bincike, ba don shi ba da ba mu san komai ba. Abin da na ƙi shi ne a shigo gidan mutum da sallama a fita ta katanga.

Ba zan bari ba Gwaggo. Ko zai tsine min, ba zan zauna in ga an kawo benci na biyu ba. Ki gaya min ta inda zan ɓullo masa. Su kuma masu binciken nan, duk inda suke, su fito a wannan fili, gaban kowa, su faɗa mana abin da suka gano, su kuma faɗa wa ubana da bakinsu cewa alkawari ya ƙare.

Ɗan Tela, Chaza, Suleja.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Baba lafiya, shi da amininsa.

Na karanta wasiƙarka, na kuma karanta wa wata likitar zuciya da nake tuntuɓa, don ni ba likita ba ce. Ta ce abin da ka fahimta daidai ne: magungunan nan uku kowanne ta hanyarsa yake aiki, kuma shan su bi da bi kusan daidai yake da rashin sha. Ta ƙara da cewa kumburin ƙafa da yankewar numfashi ba abin jira ba ne. A cikin makon nan ya kamata likita ya gan shi, ba sai an gano inda Kosi take ba. Ta kuma ja kunnenka: kada ka ɗauki abin da ka gani a waya ka tsara masa yadda zai sha, don jikinsa na yau ba na ranar da aka rubuta maganin ba ne. In kuwa kuka ga baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya mutu, ko ƙirji ya riƙe, asibiti nan take.

Saura kai. Gaskiya a hannunka take, amma ka kai ta kasuwa ka zubar. Mahaifinka ba taurin kai yake yi ba. Mutum ne da duk darajarsa a duniya ita ce maganarsa ba ta tashi, kai kuma ka tsaya gaban maƙwabtansa ka ce wannan darajar wauta ce. Ka kuma mai da mara lafiya abin misali yana zaune yana ji. Ka fara da Baba Luka. Ka je gidansa ka durƙusa ka ba shi haƙuri, shi da matarsa. Labarin zai riga ka isa shago. Sannan ka sami Baba shi kaɗai, ka nemi gafara, kada kalmar magani ta fito daga bakinka ranar.

Bayan haka ka daina neman ya karya alkawari, ba zai karya ba. A warware masa za a yi. Ka tuna abin da Kosi ta ce: kada ya ƙara sai sun sani. Ka sami limamin da yake ganin girmansa, ka ba shi labarin kamar yadda ka ba ni, shi ya san yadda zai nuna masa cewa don lafiyarsa aka ɗauki alkawarin, kuma na lokacin binciken ne. Limamin ya ce masa a je asibiti, Ummukulthum ta raka shi da fakitin nan uku a hannu. Ta gaya wa likita zancen alkawarin tun kafin ya ɗauki biro. Ina da yaƙinin wancan likitan bai taɓa jin labarin ba, kuma Baba ma bai faɗa ba. Ta tambaya ko akwai haɗaɗɗen magani da zai dace da shi, don wasu ana samunsu biyu a ƙwaya guda. Ta faɗi damuwarsa ta Juma'a ba tare da kunya ba, likita zai iya gyara masa lokacin sha.

Su masu bincike, a yi musu adalci: sun yi taron sallama, sun ba da takarda, kuma Kosi wataƙila aikin kwantiragi ta yi, ya ƙare ta tafi. Amma bin sawun wanda bai halarta ba haƙƙi ne a kansu, haka ma dawowa su faɗa wa mutane abin da aka gano da harshen da suke ji. Duk binciken da aka yi bisa ƙa'ida yana da shugaba, yana da kwamitin da ya amince da shi mai karɓar koke. Ka koma ƙaramin asibitin, wannan karon wajen shugabansa, a natse, ka nemi sunan cibiyar da ta turo su. Ka rubuta musu. Kana da alƙalami mai kaifi, ka rage masa barkono kawai.

Ni kuma na bar wannan fili a buɗe ga duk wanda ya jagoranci aikin nan. Ke kuma Kosisochi, in kin ga wannan, ko wani ya karanta miki, akwai dattijon da ya ɗinka miki rigar sallah, har yau yana riƙe da maganarki da ƙafafu a kumbure. Ki kira shi ki ce ya sauke nauyin, ya cika alkawari.

Allah ya sanyaya harshenka ɗana, ya bar maka wannan zuciya, ya sa takalmin Baba ya sake shiga ƙafarsa.

Gwaggo Zuwaira