Haka Ne, Alhaji

Zuwa ga ƙanena Zahraddeen, a Danau Kota.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu na tafiya lafiya. Inna na gaishe ka.

Ban kira ka a waya ba, so nake ka karanta wannan sau biyu. Ranar Asabar wasu mutane suka zo wa Baffa Yahuza da takarda, suna neman tsohon ramin kuzar da ke gonar marigayi Baba. Wai za su ajiye gangunan sharar nukiliya a ciki na ɗan lokaci, kafin wani sabon inji ya iso wanda zai cinye sharar ya ba garinmu wuta. Baffa ya yi turus, sai suka kunna masa bidiyo. Kai ne a ciki, zaune gefen Alhaji Datti, yana bayani kana gyaɗa kai kana "haka ne, Alhaji". Har sau bakwai.

Baffa ya ce tunda ɗanmu mai karatun abin ya yarda, shi wane ne? Juma'a ta sama zai sa hannu. Ka san tsakanin ramin nan da rijiyar unguwa bai kai taku ɗari ba. Ka gaya min gaskiya, me aka yi maka alkawari?

Yayarka, Barira.

*

Yaya Barira,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, a gaida Inna. Wallahi tambayarki ta yi min zafi. Ba wanda ya yi min alkawarin komai.

Kin san Alhaji Datti ne ya samo min gurbin karatu, shi ya tarbe ni a filin jirgi. Watan jiya ya kira ni wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, ya ce, "Injiniya, zo mu yi makan," wato mu ci abinci. Na tarar da baƙi biyu. Ya yi ta zuba, wayarsa jingine da gorar ruwa tana fuskantata, ban kawo komai a raina ba. Yaya, ke kika koya min ba a katse babba a gaban baƙinsa, balle ana cin abincinsa. Bakina na cewa haka ne, zuciyata na cewa ba haka ba ne.

Ga abin da aka koya mana. Sandunan da aka cire daga injin nukiliya sai sun yi shekaru cikin ruwa suna hucewa, sannan a rufe su a gangar ƙarfe da kankare, ana gadinsu. Haɗarinsu kuwa dubban shekaru yake yi. Injin da zai sake amfani da su akwai maganarsa, amma yawancinsa zane ne da gwaji. Ba abin da za a kawo ƙauye bana ba ne, ko baɗi. Ban ma yarda gaskiyar abin da ke cikin gangunan suka faɗa ba.

Jiya na je shagonsa na tambayi sunan kamfanin da lasisinsu. Ya ce, "Relax lah, small storage ne kawai," wai 'yar ajiya ce, in kwantar da hankalina. Daga nan ya tuna min takardun sabunta bizata suna hannunsa. Ki karanta wa Baffa wannan.

Ƙanenki, Zahraddeen.

*

Zahraddeen,

Salamu alaikum. Na karanta masa. Ya ce takarda kowa na iya rubutawa, har ya bi ni da wani kallo kamar ni na ƙirƙira. Shi fuskarka ya gani, muryarka ya ji. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ban gama sakin jiki da kai ba. A gaban mutane ka faɗa, amma a ɓoye kake janyewa.

Saura kwana biyar. Allah ya tsare.

Barira.

*

Yaya,

Barka da war haka. Ranar Lahadi 'yan Najeriya suka yi zaman da suka saba a wani gidan abinci, irin wanda ake kira mamak, a Taman Melati. Na ba Manasseh, abokin ɗakina ɗan Filato, wayata na ce ya ɗauki bidiyo. Alhaji ya fara maganar injin, ya nuna ni yana dariya, "Ga shaidata nan." Na miƙe, na kalle shi ido cikin ido na ce, "Ba haka ba ne, Alhaji." Na faɗi duk abin da na rubuta miki. Ko cokali ba a ƙara motsawa ba.

Da safe aka kawo min takardun bizata a leda daga wajen Alhaji, ba a taɓa su ba. Ban san ko zan ƙarasa zangon nan ba, kuma tsoro nake ji. Na tura miki bidiyon.

Ku huta lafiya. Zahraddeen.

*

Ƙanena,

Salamu alaikum. Baffa ya kalla sau ɗaya, ya kife wayar. Ya ce tun kana rarrafe bai taɓa ganin ka ɗaga ido ka kalli babba ba, duk abin da ya sa ka yin haka ba zai shiga gonar ɗan'uwansa ba. Ya mayar musu da takardarsu.

Ya kuma ce ka je ka ba Alhaji haƙuri a kan tsayuwar da ka yi, amma kada ka janye ko kalma ɗaya.

Ni ma ka yafe min.

Yayarka, Barira.