Abin da Masta Osmanu Ya Ciro a Ƙarƙashin Sitiyari

Asawase, Kumasi

Zuwa ga Yaya Kamaluddin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Sajida da ɗanmu Irfan, ya kuma sassauta muku sanyin Italiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, har tana zuwa masallacin Juma'a da kanta. Autarmu Kausara ta kai izu talatin a karatun allo. Na zaɓi in rubuta ne maimakon in kira, domin na san halinka a waya, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Don Allah ka karanta har ƙasa kafin ka yanke hukunci.

Maganar motarka fikof ce da ƙaninmu Nuruddin. Ka dai ji yadda maƙwabcinmu Garuba ya afka wa bayan motar da babur a Aboabo, saboda Nuruddin ya taka birki fitilar baya ba ta kama ba. Alhamdu lillahi ƙujewa ce kawai a gwiwa, ya warke. Ranar ka aiko da saƙon murya kana faɗa, ka ce sau biyu yana ce maka ya gyara fitilar alhali ƙarya yake yi, ka ce in karɓe makulli. Na karɓa. Amma Yaya, motar nan da ita yake ɗauko doya daga Techiman, da ita yake ciyar da matarsa da 'yarsa. Kwana huɗu ya yi zaune a ƙofar gida, abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Asabar na ce ya tashi mu gwada a gabana. Na tsaya a bayan motar yana taka birki. Sau uku fitilun suka kama jajur, har na fara jin haushin Garuba. Muka zaga unguwa muka dawo, ya sake takawa, shiru, ko ɗaya ba ta kama ba. A nan na gane abin yana zuwa ne yana tafiya. Ya nuna mini ƙwayayen fitilar da ya canza tun watan jiya, ga tsofaffin a leda. Ya buɗe akwatin fiyus ya zaro na birki, lafiyarsa ƙalau. Sai na ce mu tafi Suame, unguwar makanikai, ni ma zan bi. Haka muka tafi a hankali, yana fito da hannu ta taga duk inda zai tsaya, ni kuwa ina ta salati.

Mai gyaran farko ya kankare tsatsa a mazaunin ƙwan, fitila ta kama, ya ce an gama. Ban yarda ba, na ce mu bi hanyar nan mai ramuka mu dawo. Muna dawowa ta mutu. Shi ne ya tura mu wurin Masta Osmanu, wani dattijo mai gyaran wayar mota wanda bai cika magana ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce tunda ƙwai sabo ne, fiyus bai ƙone ba, kuma gefe biyun tare suke ɗaukewa, to matsalar ba a baya take ba. Ya ce akwai wani ɗan makunni a saman abin taka birki, shi ke kunna fitilar. Ya cire hularsa, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da tocila. Can sai muka ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

Laya ce, Yaya. Layar nan mai jar fata ta marigayi Baba, wadda muka saba gani rataye a ɗakin Mma tun muna yara. An ɗaure ta da baƙin zare, ƙulli a kan ƙulli, a jikin wayar makunnin. Duk ramin da mota ta faɗa sai layar ta yi lilo ta ja wayar, har bakin wayar ya kwance. Wani lokaci ya taɓa, wani lokaci ya saki. Masta ya kwance zaren, ya matse wayar ya naɗe ta. Muka bi ramukan sau biyu, fitila tana kamawa kowane taku. Wallahi sai da na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi ajiyar zuciya.

Ba sai mun tambayi kowa ba, wannan ƙullin Mma ne, irin wanda take wa bakin buhun gari. Na kai mata layar na nuna mata. Ta ce tun da Nuruddin ya fara bin hanyar Techiman ba ta samun natsuwa sai ya dawo. Ta san kai ba ka son laya, Nuruddin ma zai cire idan ya gani, shi ya sa ta lallaɓa da ƙafarta mai ciwo ta durƙusa ta ɗaure a inda ido ba ya kai wa. Ta ga waya mai ƙwari, ta ɗauka nan ne ya fi dacewa. Da ta fahimci abin da ya faru da Garuba, ta yi kuka, kuma da kanta ta dafa abinci ta kai masa. Ina roƙonka kada ka yi mata faɗa, wanda ta yi wa kanta ya isa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A hanyarmu ta dawowa Nuruddin ya roƙe ni kada in gaya maka. Ya ce gara ka ci gaba da ɗaukarsa maƙaryaci da ka ɗaga wa Mma murya. Na ce masa ban yi alkawari ba. Da muka iso gida na ce ya riƙe makullin, ya ƙi, ya ce da bakinka aka karɓe, da bakinka za a mayar.

Mma tana gaishe ka tana sa maka albarka. Kawu Jibirin da Inna Mamunatu da Kausara duk suna gaisuwa. A gaishe mini da Anti Sajida, a shafa mini kan Irfan. Motarka lafiya lau, an wanke ta tana ƙofar gida. Makullin kuwa yana ɗakin Mma, a kan ƙusar da layar Baba take a da. Kullum da safe Nuruddin yana shiga gaishe ta, ya kalle shi ya fito. Ka kira shi, Yaya, ba ni ba.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Lariya