Launin Ruwan Kilwa

Kilwa, 9 ga Rajab

Yaya Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata tana cikin addu'ata kullum.

Mun iso Kilwa da lodin kwakwa, kwana shida daga tsibirinmu Pemba, iska tana tura ɗan jirgin ruwanmu kamar mai lallashin jariri. A wani ƙauye mata suka ba mu shinkafa da kifi, suna tsokanata: "Baiwar Allah, har teku kike bin miji? Tsoro kike kada mu ƙwace shi?" Murmushi kawai na yi. Ban dai yi ƙarya ba, ko?

Yaya, idon maigidana Makame ya fara hazo. Da sauƙi, alhamdulillahi. Amma in masu kaya suka ji, ba mai ƙara ba shi lodi. Kayan mutane kuwa amana ne, abin yana damuna. Shi ya sa nake zama a goshin jirgi da carbina, yana tuƙi, ina faɗa masa launin ruwa. Shuɗi hanya ce, kore a yi hankali, ruwan ƙasa kuwa dutse ne.

Ki tambayar mana ranar da likitan ido zai zo garinmu Wete, kada ki ce don wa. Iskar kudu za ta dawo da mu, in Allah ya yarda.

Jiya da la'asar, bayan mun ɗaure jirgi, ya ce, "Mwanahawa, wane launi ne yanzu?"

Na ce, "Maigida, ai mun tsaya."

Ya ce, "Na sani. Faɗa mini dai."

Ina ta faɗa masa har aka kira magariba.

Ƙanwarki,
Mwanahawa