Ɗan da Ya Yi wa Kansa Jana'iza

Nashik

Mukund ƙanena,

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka irin ta yaya, in har ana sa wa irinku albarka. Na san sun canza maka suna a can, amma ni da na goya ka ba zan karya harshena ba.

Mahaifiyarmu ba lafiya. Jikin Aai garau yake, tunanin ne ke zubewa. Ta manta Baba ya rasu, kullum sai ta ajiye masa shayi. Jiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Na shige kicin na yi ta kuka har madara ta ƙone. Sunanka kaɗai ya rage a bakinta, likita kuma ya ce shi ma ba zai daɗe ba. Ka zo ta gan ka tun tana iya gane ka.

Yayarka,
Sulabha

Rishikesh

Tai Sulabha, yayata,

Narayan, Narayan, da sunan Ubangiji muke gaisuwa. Aminci ya sauka a gidanku.

Na karanta, na kuma ji nauyin da kike ɗauke da shi. Amma kin san abin da na yi ranar da na sa tufa ruwan goro ta masu gudun duniya. Na tsaya a cikin kogin Ganga, na yi wa kaina jana'iza da hannuna, na miƙa wa Mukund dunƙulen shinkafar da ake miƙa wa matattu. Wanda kike kira ya tafi.

Guruji, malaminmu, yana sa mu duba duk abin da muke ce wa "ni", mu ce: ba wannan ba, ba wannan ba. Ba jiki ba ne, ba suna ba ne, ba abin da muke tunawa ba ne. Abin da ya rage bayan an cire su duka shi ne Atman, ainihin kai, wanda ba a haife shi ba, ba ya tsufa, ba ya mantuwa. Wanda ke cikin Aai shi ne ke cikina, babu tazara tsakaninmu da mota za ta rufe. Ki kwantar da hankalinki.

Wanda ake kira Nijananda

Nashik

Mukund,

Gaisuwa, ko da yake raina a ɓace yake.

Sannu da wa'azi, Swamiji, babban malami! Na karanta shi ina wanke zanin gadon Atman. To albishirinka, Aai ta riga ka. Ba ta da Guruji, ba ta hau dutse ba, amma suna ya tafi, miji ya tafi, ni ma na tafi. Shekaranjiya ta ga kanta a madubi ta gaishe da baƙuwa. In wannan ne abin da kake nema, zo ka ga yadda yake, domin ni ban ga salama a fuskarta ba, tsoro na gani.

Kana cewa babu tazara. Ni ce ke jin ta tana tambayar mai sayar da madara ko ya ga Mukund a hanya. Na gaji, kuma ina jin haushinka, gara in faɗa maka.

Sulabha

Tashar jirgin ƙasa, Nashik

Tai,

Ina taɓa ƙafafunki. Ki yafe min, na zo na tafi kina wurin aiki.

Na ce wa kaina ba Mukund ne zai je ba. Mu da muka bar duniya ba ma durƙusa wa kowa, ko uba shi ke sunkuya mana, sai uwa kaɗai, ita aka ce mu faɗi a gabanta. Na zo in sauke wannan in koma.

Na same ta a baranda tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Kafin in ajiye sandata ta ga launin tufana, ta rarrafo ta kama ƙafafuna ta ɗora goshi. Aai, a ƙafafuna! Na ce, "Aai, ni ne." Ta ce, "Na sani, Maharaj, bawan Ubangiji, ku ne, gidanmu ya yi sa'a." Ta shiga ta kawo gurasar dawa ta sa min a ƙoƙo, ta ja baya don kada inuwarta ta taɓa ni.

Sai ta rage murya ta ce, "Maharaj, ku kuna yawo ko'ina. Ina da yaro, Mukund, siriri ne, ba ya cin abinci sai an matsa masa. In kun gan shi ku ce uwarsa ba ta fushi, ya dawo."

Na ce mata, "Zan faɗa masa."

Tai, shekaru ina roƙon a cire min wannan sunan. An cire, daga bakin da ya raɗa min shi, kuma ban sami abin da aka ce zan samu ba. Gurasar tana cinyata, na kasa ci. Jirgi biyu sun wuce ban shiga ba. Ban san wanda ke rubuta miki wannan ba.

Ki gafarce ni.

Nashik

Swamiji,

Gaisuwa da girmamawa. Na aika wannan can wurin Guruji, ko kun koma.

Tun da kuka zo Aai ke cin abinci. Ta gaya wa duk unguwa cewa wani bawan Ubangiji ya yi mata alkawari, kuma irinsu ba sa ƙarya. Da safe takan sa in taje mata kai, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya.

Kun karɓi saƙo. Ku isar.

Sulabha